Fiyano Ya Ƙi Yin Sauti? Duba Waɗannan Kafin Ka Hau Motar Kano

A Wudil, matasa masu ƙananan situdiyo da masu kiɗan biki da dama sun dogara ne da fiyanon Yamaha PSR. Idan ya tsaya ana gobe kamu, kuɗin aiki ne za su salwanta. Sai dai ba kowace matsala ce ke buƙatar mai gyara a Sabon Gari ba.

Fara da caja. Yawancin ƙananan PSR-E na amfani da 12V, manyan PSR-S kuwa 16V. Cajar da ba tasa ba na iya sa shi ya riƙa mutuwa da kansa, ko ma ta ƙona shi. Duba lambar da ke kusa da ramin caja kafin ka sayi sabuwa.

Idan ya kunnu amma shiru, zare duk abin da ke ramin hedifon, domin yana kashe sifika. Sannan duba Local Control, musamman in ka taɓa haɗa shi da waya ta OTG. Idan yana kan Off, maɓallan ba za su yi ƙara ba.

Maɓalli ɗaya ko biyu ne suka mutu? Galibi ƙurar hunturu ce ta shiga robar ƙarƙashinsu. Kar ka zuba fetur ko ruwa, wannan aikin mai gyara ne.

Mataki na ƙarshe a PSR-E: danne farin maɓallin ƙarshe na dama, sannan ka kunna. Zai koma saitin kamfani, amma saitukan da ka ajiye za su goge.