Na'urar Haske ta Sinkurotiron: Yadda Ake Shirya Tasoshin Bincike da Rabon Lokacin Aiki

Kowa ya san madatsar ruwa ba ta da amfani ga manomi sai an haƙa magudanai sun kai ruwan gona, an kuma tsara ranar da kowane manomi zai sha. Haka al'amarin yake ga wata babbar na'urar binciken kimiyya da ake kira sinkurotiron. Gina ta aiki ne mai cin kuɗi da shekaru, amma abin da ke tabbatar da amfaninta shi ne irin tasoshin da aka kafa a kewayenta, da kuma adalcin da aka bi wajen ba masu bincike lokacin aiki. Za a yi bayanin wannan da misalin cibiyar SESAME ta ƙasar Jodan.

Mece Ce Wannan Na'ura?

Sinkurotiron wani bututu ne mai siffar zobe wanda aka zuƙe iskar cikinsa. A ciki ake kora ƙananan ƙwayoyin lantarki, watau elektaron, suna zagayawa da gudun da ya yi kusa da na haske. Manyan maganaɗisai ne ke tanƙwara hanyarsu, kuma duk sa'ad da aka tanƙwara su sai su fitar da haske mai tsananin ƙarfi. Cikinsa akwai irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, watau eksire, sai dai ya ninka na asibiti nesa ba kusa ba. Da shi ake gane yadda ƙwayoyin zarra suke jere a cikin magani, ko dutse, ko ƙasar noma, ko tsohon littafi.

Cibiyar SESAME tana garin Allan, kimanin kilomita 35 daga Amman. Kewayen zobenta mita 133 ne. An kafa ta a ƙarƙashin inuwar hukumar UNESCO, kuma Sarki Abdullahi na Biyu ya buɗe ta ranar 16 ga Mayu, 2017. Ƙasashen da suka haɗu a kanta sa'ad da aka buɗe su ne Jodan, da Masar, da Iran, da Isra'ila, da Pakistan, da Falasɗinu, da Saifurus, da Turkiyya. Ba dukansu ne ke ga maciji da juna ba, saboda haka maganar rabon lokaci bisa gaskiya ta zama ginshiƙin zaman cibiyar.

Yadda Tasha Take

A jikin zoben akwai ƙofofi inda haske ke fita, ya bi wani miƙaƙƙen bututu mai tsawon mita da yawa. Wannan bututu da ɗakunan da ke kansa su ne tasha. Ɗaki na farko yana ɗauke da madubai da wani abin tacewa wanda ke zaɓar irin hasken da ake bukata ya bar saura. A ɗaki na biyu ake ajiye abin da za a bincika, tare da na'urorin awo. An lulluɓe bangon waɗannan ɗakuna da dalma domin kare mutane, kuma ba a sakin haske sai an duba an tabbata babu kowa a ciki, an kulle ƙofa. In aka buɗe ƙofar, hasken zai yanke da kansa. A ɗaki na uku masu bincike suke zama gaban kwamfuta suna lura da sakamako.

Kowace tasha da irin tambayar da take amsawa, kuma ba a juya ta zuwa wani aiki cikin sauƙi. Don haka kuskuren zaɓe yana iya sa a kashe dukiya mai yawa a kan abin da mutane kaɗan ne ke bukata.

Yadda Ake Zaɓen Tasoshi

Tun shekaru da yawa kafin a kunna na'urar, SESAME ta riƙa kiran taron masanan yankin domin jin irin binciken da suke so su yi. Sa'an nan kwamitocin ƙwararru suka auna abubuwa uku: yawan masu bukata, da ƙarfin hasken da na'urar za ta iya bayarwa, da kuɗin da ke hannu. Da yake kuɗin bai isa a gina kome a lokaci ɗaya ba, sai aka bi abin daki-daki.

A shekarar 2018 tasoshi biyu suka fara karɓar baƙi. Ta farko tana gane irin ƙarafan da ke cikin abu da yanayin da suke ciki. Masu binciken da suka fara amfani da ita, a watan Yuli na wannan shekara, daga Saifurus suka zo, sun kuma nemi alamun ƙarafa a cikin ragowar jikin mutanen dā. Ta biyu tana aiki da hasken da ke ƙasa da ja, wanda ido ba ya gani, domin nazarin ƙwayoyin halitta da kayan tarihi. A 2020 aka ƙara ta uku, mai nazarin garin abubuwa, wadda aka haɗa da kayan da wata cibiya ta Suwizalan ta bayar kyauta. A 2022 aka buɗe ta huɗu da taimakon cibiyoyin Jamus, a 2023 kuma ta biyar da kuɗin Tarayyar Turai, wadda ke ɗaukar hoton cikin abu ba tare da an fasa shi ba.

Shiri bai tsaya ga tasoshi kaɗai ba. Kuɗin lantarki ya so ya fi ƙarfin cibiyar, sai aka gina mata tashar lantarki mai aiki da hasken rana, wadda ta fara aiki a 2019. Rashin wuta na awa ɗaya asarar lokacin wani mai bincike ne wanda ya yi wata da watanni yana jira.

Yadda Ake Samun Shiga

A irin waɗannan cibiyoyi ba a sayen lokaci da muƙami ko sanayya. A kan yi shela, galibi sau biyu a shekara. Mai bukata ya rubuta takarda ya bayyana tambayar da yake son amsawa, da dalilin da ya sa kayan aikin jami'arsa ba za su iya ba, da tashar da yake so, da yawan lokacin da zai ishe shi. Ma'aikatan tashar su duba ko aikin zai yiwu. Jami'an tsaron lafiya su duba ko abin da za a kawo yana da guba ko cuta. Daga nan wani kwamitin masana masu zaman kansu ya jera takardun bisa ingancinsu.

Ana ƙidaya lokaci da zango na awa 8, domin na'urar tana aiki dare da rana. Wanda ya yi nasara yakan sami 'yan kwanaki kaɗan. Ba ya biyan kuɗin haske, amma da sharaɗin zai buga sakamakonsa kowa ya gani. Kamfanin da ke son ɓoye nasa sakamako shi ne ke biya. Wanda bai samu ba ana gaya masa dalili, ya gyara ya sake nema.

Abin da Ya Shafi Nijeriya

Har yanzu babu sinkurotiron ko ɗaya a nahiyar Afirka. An yi taron farko na neman kafa ta a Girenobul ta Faransa a 2015, na biyu kuma a Akra a 2019. Afirka ta Kudu ta shiga cibiyar ESRF ta Girenobul a 2013, Masar kuwa tana cikin SESAME.

Tambayoyin da wannan haske ke amsawa ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Gubar dalmar da ta hallaka ɗaruruwan yara a Jihar Zamfara a 2010 ta nuna muhimmancin sanin yanayin da ƙarfe yake ciki a ƙasa, domin shi ke nuna yadda jiki zai sha shi. Da yake yawancin cibiyoyin duniya suna karɓar takarda daga kowace ƙasa, ya kamata malaman jami'o'i su koyi rubuta ta, su nemi abokan aiki a waje, su kuma horar da ɗalibansu. Misalin Jodan ya nuna cewa masu amfani ake fara tarawa kafin a aza harsashin gini, kuma da yawansu ake sanin tashar da za a fara kafawa.