Daga kwamfuta zuwa streamer: Me ake samu, me ake rasawa?

Shekaru da dama kwamfuta ce cibiyar masu son sauti mai kyau: a tara fayilolin FLAC, a jona DAC ta USB, a haɗa da amfilifaya. Yanzu da yawansu na komawa ga streamer, 'yar na'urar da aikinta ɗaya ne: janyo waƙa daga intanet ko ma'adanar gida ta miƙa wa sifika.

Babbar ribar ita ce sauƙi. Da tsarin Spotify Connect, wanda ya fito a 2013, waya rimot ce kawai. Na'urar ce ke janyo waƙar da kanta. Ko kira ya shigo, ko cajin waya ya ƙare, waƙa ba ta tsayawa. Babu ƙarar fanka, babu sautin saƙon WhatsApp a tsakiyar waƙa. Ga kuma ƙarancin cin wuta: ƙananan irinsu WiiM Mini wat kaɗan suke ja, abin da mai amfani da sola ko inbata zai yaba.

Sai dai mai tsammanin sauti zai canza nan take ya yi hattara. DAC, wato ɓangaren da ke mayar da lambobi sauti, da amfilifaya da sifika su ne ke da kaso mafi tsoka. Gaskiya ne Windows kan cakuɗa duk sautukan kwamfuta ta mayar da su ma'auni ɗaya, amma manhaja kamar foobar2000 na iya kauce wa hakan ta WASAPI, kuma kyauta ce. Idan DAC ɗin bai canza ba, da wuya kunne ya ji bambanci.

Haɗarin da ba a cika faɗa ba shi ne ran na'urar yana hannun kamfani. Logitech ta daina ƙera Squeezebox a 2012, Google ta janye Chromecast Audio a 2019, sannan a 2020 Sonos ta daina ba tsofaffin na'urorinta sababbin fasaloli. Kwamfuta kuwa, idan manhaja ta mutu, sai a saka wata.

Data ma abin lissafi ne. Waƙa a 320kbps na cin kusan MB 144 a awa ɗaya. Ingancin CD da ba a matse ba, 1,411kbps, ya kai MB 635.

Kafin mutum ya fitar da kuɗi, ya tabbatar na'urar na karɓar manhajar da yake amfani da ita, musamman Boomplay ko Audiomack, tana karanta filashi ko ma'adanar gida idan intanet ya ɗauke, kuma tana da mafitar optical ko USB don tsohon DAC ɗinsa. Mai son gwaji da araha na iya saka Volumio ko moOde a kan Raspberry Pi ya saurara na mako biyu. Idan bai yi kewar kwamfutar ba, sai ya sayi babba.