Ɗakin da Ake Ja da Mota: Yadda Ake Gyara Masa Zama

 Yau Amurka da Turai za mu leƙa, wurin mutanen nan da kan ɗaura ɗaki sukutum a bayan mota su tafi hutu da abinsu. Ɗaki ne mai taya, da gado a ciki, da murhun gas, da firji, da makewayi. A Amurka, yawancinsu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su. A Birtaniya kuwa abin ya daɗe, domin tun a 1885, kafin mota ta yaɗu, wani likita mai suna William Gordon Stables ya sa aka ƙera masa nasa, dawaki ke ja. To, tarihi ke nan a taƙaice. Abin da ya tara mu yau shi ne aikin farko da mai ɗakin zai yi da zarar ya isa masauki, tun kafin ya ɗora ruwan shayi: ya gyara wa ɗakin zama, kada ya karkace, kada kuma ya gangara.

Wani zai ce, to in ya ɗan karkace fa, me zai faru? Ƙofa za ta riƙa rufe kanta. Mai zai taru a gefe guda na kasko. Ruwan wanka ya ƙi bin magudana, ya kwanta a lungu. Mai barci ya tashi da nauyin kai saboda ƙafafunsa sun fi kansa tudu. Duk waɗannan ana iya haƙuri da su. Wanda ba ya haƙuri shi ne firjin, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe, domin labarinsa ya burge ni ƙwarai.

Da yawa daga cikin waɗannan ɗakuna, firjinsu ba irin na gidajenmu ba ne mai injin da ke gunji. Wannan ba shi da inji ko kaɗan. Babu abin da ke juyawa a cikinsa. Da wuta yake sanyaya abu. Na sake faɗa: da wuta yake sanyaya abu. Ɗalibai biyu ne a birnin Istokholm na ƙasar Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka ƙirƙiro shi a 1922, suna makaranta, sannan kamfanin Electrolux ya karɓi fasahar ya kai ta kasuwa a 1925. A bayan firjin akwai bututun ƙarfe da aka lanƙwasa aka liƙe bakinsa, a ciki kuwa ruwa ne da amoniya da iskar haidirojin. Ɗan harshen wutar gas na tafasa haɗin daga ƙasa, amoniya ta tashi tururi ta yi sama, ta huce ta koma ruwa, ta fara gangarowa a hankali. A hanya ta gamu da haidirojin, ta sake zama tururi, a wannan sauyin ne take zuƙe zafin da ke cikin firjin. Daga nan ruwa ya shanye ta, su koma wurin wuta, a sake sabon zagaye.

To me ke gangaro da ita, tunda babu famfo? Nauyinta kawai. An ɗan karkata bututun daidai gwargwado yadda ruwan zai bi da kansa. In ɗakin ya karkace, wannan gangarar ta lalace. Ruwan ya kwanta a inda bai kamata ba, wutar kuwa ba ta sani ba, tana nan tana ci. Wurin tafasar ya yi zafi fiye da kima, sinadarin hana tsatsa da aka zuba a ciki ya daskare ya zama tsakuwa, ya fara toshe siririn bututun. Abin takaicin, ɓarnar taruwa take yi. Yau kaɗan, gobe kaɗan, ran nan firji ya daina sanyi, kuma ba a wanke wannan toshewar, sai dai a sauya kayan bayan gaba ɗaya. Amma fa in ana tafiya a kan hanya babu wannan matsala, domin girgizar mota ba ta barin ruwan ya kwanta. A tsaye ne ake yin asarar.

Tsofaffin ma'aikatan lafiyarmu na karkara, a Najeriya da Nijar, na san yanzu suna gyaɗa kai. Firjin kananzir ɗin nan da aka daɗe ana adana allurar rigakafi a ciki kafin na hasken rana ya zo, ai wannan fasahar ce. Shi ma sai an daidaita masa ƙafafu yake aiki yadda ya kamata.

Kamfanin Norcold, ɗaya daga cikin masu ƙera irin wannan firji, ya ƙayyade cewa kada karkacewar ta wuce digiri 3 daga gefe zuwa gefe, ko digiri 6 daga gaba zuwa baya. A kula, gefen firjin ake nufi, ba gefen ɗakin ba. Da yake a jikin bangon gefe aka fi kafa shi, abin da yake gefe a wurin firji shi ne gaba da baya a wurin ɗakin.

Yanzu mu zo kan aikin. Doka ta farko, gefe da gefe ake fara gyarawa, kuma ɗakin yana ɗaure da mota, domin motar ce za ta ja shi ya hau tudu. Mai ɗaki ya ɗauko ma'aunin nan na magina mai ɗigon iska a cikin ruwa, ya ɗora a daɓen ɗakin a gicciye. Inda ɗigon ya gudu, nan ne tudu. Ɗaya gefen shi ke neman ɗagi.

Da can katako ake jerawa, har yanzu ma wasu shi suke amfani da shi. Akwai kuma tubalan roba da ake ɗora wani kan wani. Sharaɗinsu guda: duk tafin tayar ya zauna a kai. In rabi na kan katako rabi na lilo, wayoyin cikin tayar ne ke shan wahala, kuma ba a ganin raunin sai ran da ta fashe a kan babbar hanya. Amma wanda ya fi kwanta mini shi ne tudun robar nan mai lanƙwasa, irin wanda kamfanin Andersen ya yi suna da shi. Bakinsa siriri ne, yana ƙara kauri zuwa ƙarshe, har kusan santimita 10. Ana cusa siririn bakin a gindin taya, direba ya ja a hankali, tudun na mirginawa a ƙarƙashinta, ɗakin na ɗagawa kaɗan-kaɗan. Babu ja da baya a ƙara katako a sake gwadawa. In tsakanin tayar hagu da ta dama mita 2 ne, kowane digiri ɗaya na karkacewa kusan santimita 3 da rabi ke nan, don haka tudun zai gyara kusan digiri 3. In ƙasar ta fi haka karkacewa, kada a yi ta tara kaya a ƙarƙashin taya, a nemi wani wuri.

Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya a sitiyari, ɗaya a ƙasa, a inda direba ke ganinsa ta madubi, nesa da gaban taya. "Taho, taho, kaɗan, tsaya!" Direba ya taka birki ya riƙe. Ya riƙe fa, kada ya saki, sai na ƙasa ya cusa weji a ƙarƙashin tudun ya kulle shi.

Ga inda nake so kowa ya buɗe kunne. Weji kafin a kwance mota. Duk wanda ya taɓa ganin karen mota ya diro da gudu ya cusa weji a bayan tayar roka a kan gangara ya san abin da nake nufi. Yawancin ɗakunan da ake ƙerawa a Amurka ba su da birkin hannu. Birkinsu na lantarki ne, daga motar yake samun umarni. Da zarar an zare waya an ɗaga ƙugiya daga bayan mota, babu abin da ke riƙe da wannan nauyi, tan ɗaya ne ko uku, sai wejin nan. Kuma ka tuna, kai da hannunka ka ɗora taya a kan tudu. Na Turai suna da birkin hannu, amma su ma ba a barinsu ba weji, domin irin birkinsu yakan bar ɗakin ya ɗan zame baya kafin ya kama sosai. Saboda haka a sa weji a hagu, a sa a dama, a gaban taya da bayanta, a buga shi ya zauna daram. Mai taya biyu a jere a kowane gefe, akwai wani ƙarfe da ake ɗaurewa a tsakaninsu, amma rage girgiza ne aikinsa, ba ya maye gurbin weji. Dutsen da aka tsinta a gefen hanya kuwa, ni dai ban yarda da shi ba, yana iya tsagewa, yana iya sulɓewa. Weji kafin a kwance mota.

 Bayan an kwance, sai a juya ma'aunin ya kalli gaba da baya, a murɗa jak ɗin da ke gaban ɗakin, sama ko ƙasa, har ɗigon ya tsaya a tsakiya. A sa katako mai faɗi a ƙarƙashinsa in ƙasar na da laushi. Sannan a sauke ƙafafun kusurwa huɗu su taɓa ƙasa su ɗan matse, ba don su ɗaga ɗakin ba, in aka ɗora musu nauyi lanƙwashewa suke yi. Ranar tafiya kuma a bi ta baya-baya: a naɗe ƙafafu, a ɗaura mota, a tabbatar ƙugiya ta kulle, sannan a zare weji.