Masu Haƙurin Dafa Dutse

A ƙasashen Amurka da Ingila da Ostareliya akwai waɗansu mutane waɗanda ba su da abin sha'awa kamar tsintar tsakuwa. Ranar hutu sai su ɗauki bokiti su nufi bakin teku, ko gaɓar tafki, ko ramin da ake ɗiban tsakuwar gini, su wuni a sunkuye. In sun komo gida sai su zuba abin da suka tsinto cikin wata 'yar ganga ta roba, su sa ruwa da wani baƙin gari, su rufe, su ɗora ta bisa ɗan injin lantarki. Daga nan ganga ta shiga juyawa ke nan dare da rana, har wata guda ko fiye. Ran da aka gama, duwatsun da suka shiga da kaushi da ƙura sai su fito sumul, suna sheƙi kamar yanzu aka tsamo su daga ruwa, alhali kuwa a bushe suke.

Aikin da injin ke yi aikin kogi ne. Duk wanda ya taɓa lura da tsakuwar cikin rafi ya san ba ta da kaifi, domin ruwa ya daɗe yana mirgina ta, tana gugar 'yar'uwarta tana gugar yashi. Bambancin kawai shi ne, kogi yakan ɗauki ɗaruruwan shekaru ko dubbai, kuma ba ya kai dutse ga ƙyalli. Sha'awar abin ta bazu a Amurka ne cikin shekarun 1950, lokacin da ƙananan injuna suka fara shiga gidaje. Tun kafin nan ma, a shekara ta 1947, ƙungiyoyin masu sha'awar duwatsu na ƙasar sun riga sun haɗu sun kafa tarayya guda.

Baƙin garin nan shi ne asirin aikin. Sunansa silikon kabaid, kuma wani Ba'amurke mai suna Edward Acheson ne ya gano hanyar yin sa a shekara ta 1891, yana cikin ƙoƙarin haɗa daimon da wutar lantarki. Daimon bai samu ba, amma ya sami abin da ke cin kusan kowane dutse. Akwai wani ma'auni na taurin duwatsu wanda wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10. Daimon ne a kan 10. Farcen mutum yana wajen 2 da rabi, wuƙar ƙarfe da gilashi suna wajen 5 da rabi, dutsen ƙanƙara yana kan 7, shi kuwa garin Acheson ya ɗara 9.

Wannan ma'auni shi ke raba gwani da ɗan koyo tun kafin a kunna inji. Duwatsun da suka fi karɓar guga su ne dangin ƙanƙara, watau aget da jasfa da itacen da ya daɗe a ƙasa har ya rikiɗa ya zama dutse. Gwajin ba shi da wuya: a karce dutsen da bakin wuƙa, in ta yi masa zane to ya yi taushi, a ajiye shi gefe. Dutsen yashi da duk wani mai ramuka ko tsaga ba sa yin ƙyalli, ko da za su shekara a ganga. In kuwa aka gwama mai tauri da mai taushi, mai taurin zai cinye ɗan'uwansa, a buɗe a tarar da rabin kayan ya zama kunu.

Ana cika gangar ne wajen kashi biyu cikin uku, manya da ƙanana a haɗe, don ƙananan su riƙa kai gari cikin lungunan manyan. Ruwa ba ya rufe duwatsun sarai. Ƙaramar gangar da aka fi saya tana ɗaukar fam 3, watau kilo ɗaya da 'yan kai, ana kuwa sa kamar cokali biyu na gari ga kowane fam. In kayan sun yi kaɗan sai duwatsun su riƙa faɗowa suna fasa juna, in sun yi yawa kuma ba za su sami wurin mirginawa ba.

Matakan huɗu ne. Na farko da gari mai kaushi, lamba 60 zuwa 90, sa'an nan lamba 120 zuwa 220, sa'an nan 500, daga ƙarshe sai farin gari mai laushi kamar hoda, galibi alminiyam oksaid, wanda shi ke fito da sheƙi. Yawan lamba, yawan laushi. Takardar da ke zuwa cikin kwalin inji takan ce kowane mataki mako guda ne, to a nan ne fa yawancin sababbin shiga ke yin tuntuɓe. Mako guda ba ya isar dutsen da aka fasa da guduma. Matakin farko shi kaɗai ne ke sassaƙa siffa, sauran ukun zanen da na gabansu ya bari kawai suke sharewa. Duk wani rami ko tsaga da ya tsallake matakin farko, yana nan har ranar ƙarshe. Saboda haka gwanaye sukan buɗe ganga kowane mako, su wanke, su duba dutse ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi su cire, wanda bai yi ba su mai da shi da sabon gari. Wani dutsen sai ya yi wata biyu a nan. Kafin a gama, kayan sukan rage nauyi ƙwarai, wani lokaci har kusan sulusi. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse, to ga waɗanda suka ɗauki maganar da gaske.

Bayan haƙuri sai tsabta. Ƙwaya ɗaya ta gari mai kaushi, in ta ɓuya a cikin tsagar dutse ko a bakin murfi ta kai mataki na ƙarshe, ta isa ta zazzane dukan kayan, aikin wata guda ya fito dishi-dishi. Don haka tsakanin mataki da mataki sai an wanke duwatsu da ganga da murfi da buroshi, waɗansu ma sukan keɓe ganga dabam don farin gari kaɗai. Ruwan wankin kuwa ba a zuba shi a bututun ruwan gida, domin laka ce ta garin dutse, in ta kwanta takan daskare kamar siminti ta toshe hanya. Haka nan in inji ya tsaya ya daɗe, lakar takan kwanta a gindin ganga ta kama duwatsun, sai an girgiza ta da hannu kafin a ci gaba. Wannan abin lura ne ga mai zama inda wuta ke yawan ɗaukewa. Wutar da injin ke ci ba ta taka kara ta karya ba, amma yana son ta ba yankewa. Ga kuma ƙara, wadda ta sa yawanci a gareji ake ajiye shi.

Akwai wani inji iri na biyu wanda ba ya juyawa, karkarwa yake yi. Ya fi sauri, bai kuma cika cin gari ba, amma ba ya mulmula dutse, yadda ya shiga haka siffarsa za ta fito.

Goge dutse don ado dai ya girmi lantarki nesa ba kusa ba. A garin Khambhat na jihar Gujarat a Indiya an yi ɗaruruwan shekaru ana sarrafa aget, ana gasa shi don ya ƙara ja, ana huda shi, ana kai shi ƙasashen Larabawa da Afirka. A Jamus kuma akwai Idar-Oberstein, inda a da ma'aikata kan kwanta rub da ciki suna danna dutse jikin wata babbar magoga da ruwa ke juyawa. A ƙarni na 19 sun riƙa sayo aget daga Barazil, kayansu da yawa kuma Afirka suka nufo. A nan Nijeriya ma Ilorin ta yi suna wajen yin jan dutsen wuya da ake kira lantana. A da fatake Hausawa ne ke kawo ɗanyen dutsen daga yankin da ke cikin Jamhuriyar Nijar a yau, masu sana'ar su huda shi da ɗan tsinken ƙarfe, su goge shi bisa dutse, ɗaya bayan ɗaya. Kayan waje masu araha ne suka durƙusar da sana'ar a farkon rabin ƙarni na 20.

Sana'ar tana da nata haɗarin. Masu gugar aget a bushe a Khambhat da yawa sun kamu da ciwon huhu saboda shaƙar ƙurar dutsen, ciwon da ba ya warkewa. Mai ganga ya tsira daga wannan tun da cikin ruwa yake aikinsa, muddin bai bar lakar ta bushe ya share ta da tsintsiya ba, kuma ya sa tabarau in zai fasa dutse.

Wanda ya sayi inji da niyyar yin arziki kuwa zai sha mamaki. Duwatsun da aka goge a ganga araha gare su, domin manyan masana'antu a Barazil da Afirka ta Kudu da Sin suna fito da su buhu-buhu. Duwatsu masu daraja irin su safaya ba a jefa su ganga, yanka su ake yi fuska-fuska da wani inji dabam. Abin da mai tsintar ke nema shi ne ya ga cikin dutsen da ya ɗauko da hannunsa. Mutanen jihar Minnesota, alal misali, suna alfahari da aget na Tafkin Superior mai zanen ja da fari, wanda ya samu cikin kogunan da iska ta bari a narkakken dutse wajen shekara biliyan ɗaya da ta wuce. A 1969 suka mai da shi dutsen jiharsu.

Maƙwabtansu na Michigan su kuma nasu dutsen Petoskey ne, tun 1965. Murjani ne na wani tsohon teku da ya ƙafe, jikinsa duk zane mai kusurwa shida, wanda ba ya fitowa sosai sai an jiƙa shi ko an goge. Dokar jihar ta hana mutum ya ɗebi fiye da fam 25 a shekara daga filin gwamnatinta. Taurinsa wajen 3 ne kawai, saboda haka ganga takan cinye shi in ba a yi hattara ba. Yawancin masu shi da hannu suke goge shi, da samfefa da ruwa, daga lamba 220 zuwa 400 zuwa 600, sa'an nan su ƙarasa da farin gari bisa ƙyallen karan-miski.