Tabon Rini a Kujerun Leda na Jirgin Ruwa

Da yawa daga cikin ƙananan jiragen ruwa masu inji, ko na jigilar fasinja irin masu tashi daga Ikorodu zuwa tsibirin Legas, ko na shaƙatawa da suka cika gaɓar Florida a Amurka, kujerunsu soso ne aka lulluɓe da leda fara ko mai ruwan madara. An zaɓi leda don ruwa ba ya ratsa ta, an zaɓi fari don ba ya kwasar zafin rana kamar baƙi. Sai dai farar leda ba ta rufa wa kowa asiri. Fasinja ya zauna da sabon wandon jins, ko yaro ya yar da jiƙaƙƙen jan tawul ya manta da shi har washegari, sai a wayi gari da shatin launi a kujera. A kawo ruwa da omo a dirza, shatin na nan daram.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka tabon yana zaune a saman ledar kamar laka ko ƙura. Sau da yawa ya riga ya shige cikin jikinta. Wanda bai gane haka ba zai yi ta ƙara ƙarfin dirza da ƙarfin sinadari, har ya kashe kujerar tabon bai fita ba.

Ledar nan sunanta finil, kuma asalinta robar PVC ce, irin wadda ake bututun ruwa da ita. Wani Bajamushe masanin sinadarai, Eugen Baumann, ya gamu da ita tun 1872, amma ta daɗe ba ta da wani amfani saboda tauri da saurin karyewa. A 1926 ne Waldo Semon, ma'aikacin kamfanin B.F. Goodrich a Amurka, ya gano cewa in aka cuɗa ta da wani ruwa mai maiƙo tana yin laushi, ta lanƙwasu ba ta tsage ba. Wannan ruwa, mu kira shi man tausasawa, shi ne bambancin bututu da kujera. Kuma ba kaɗan ake zubawa ba: a leda mai laushi yakan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyinta, wani lokaci ya zarce. Bai ɗauru da robar ba, yana zaune ne a tsakankanin ƙwayoyinta, yana kai-komo a hankali, kuma zafi yana ƙara masa sauri. Daga sama masana'anta kan shimfiɗa wani siririn rufi mai sheƙi domin ya tare datti da hasken rana, a ƙasa kuma akwai yadi da ke riƙe ledar.

Rini da yawa ba ya narkewa a ruwa amma yana narkewa a mai. Duk wadda ta taɓa zuba garin jan barkono a man gyaɗa ta ga yadda yake sakin launinsa man ya yi ja, abin da ba ya yi sosai a ruwan sanyi. Haka rini yake yi idan ya tarar da man tausasawa. Tufa mai zuba ta kwanta a kan kujera, ga danshi, ga nauyin mai zama, ga rana ta gasa ledar, sai ƙwayoyin launi su bar zare su ratsa rufin sama su narke a cikin man. Daga nan su ci gaba da nutsawa kullum. Shi ya sa tabon sa'a biyu da tabon mako biyu ba matsala ɗaya ba ce, ko da a ido sun yi kama.

Rinin ma ba duka ɗaya ba ne. Shuɗin wandon jins baba ne, dangin wanda marina ke amfani da shi a karofin Ƙofar Mata a Kano, sai dai na jins yawanci a masana'anta ake haɗa shi tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shi a 1897. Baba ba ya kama zare kamun ƙulli. A cikin karofi, da taimakon toka, yake narkewa. Da an tsamo tufa iska ta buge ta sai ya koma ƙananan ƙwayoyi masu maƙale wa zare. Gogayya kaɗan ta ishe su kakkaɓewa. Wanda ya taɓa ganin rawani ɗan Kura a kan Buzu ya san haka, don shunin kan bar shaida a goshi da kumatu. A kan kujera wannan labari ne mai daɗi: sabon tabon baba yawanci a sama yake, kuma shi ya fi saurin fita in an hanzarta.

Na tsoro shi ne rinin yadin roba. Poliyesta ba ta shan ruwa, saboda haka rinin da ake mata an tsara shi ne musamman ya narke cikin roba, ana dafa su tare a zafin da ya kai kusan digiri 130. Rinin da aka ƙera don ya shige roba kuwa ba ya bambanta zaren riga da ledar kujera. Kayan ninƙaya, rigunan ƙwallo, jakar baya, rigar ceto mai ruwan lemo, arhar tamfol da ake rufe jirgi da ita, nan ne aka fi samun tabo mai taurin kai, musamman ja da shuɗi mai duhu. Rubutun jikin ledar cefane da tawadar jarida ma sukan bi wannan hanya.

Aikin cirewa daga mafi sauƙi ake fara shi. Ruwa mai ɗumi, sabulun wanke-wanke na ruwa, da burushi mai laushi. A bar kumfar ta ɗan jima, a goga a hankali yadda gashin burushin zai shiga ƙananan ramukan da aka zana wa ledar, a ɗauraye, a tsane da farin ƙyalle. Fari dole, don ƙyalle mai launi na iya ƙara nasa. Sabon tabon jins sau da yawa a nan yake ƙarewa.

In ya ƙi, sai sifirit irin na kemis, wanda ake goge fata da shi kafin allura. A gwada shi tukuna a wani lungu da ido ba ya kai, kamar ƙasan kujera, a ga ko sheƙin zai dushe. A jiƙa auduga, a danna a kan tabon a ɗaga, daga gefe zuwa tsakiya, kada a shafa shi ya bazu. Idan launi na hawa audugar, aiki na ci, a canza sabuwa a ci gaba. Idan audugar ta fito fes sau biyu sau uku, a dakata: abin da ya rage ya wuce inda sifirit zai kai, kuma yawan jiƙa leda da shi yana busar da ita. A ɗauraye da ruwa.

Daga nan dabara ta sauya. Tunda ba a iya zaro rinin, sai a kashe launinsa a inda yake. Bilic na gida, irin Hypo ko Jik, yana yin haka ga farar leda idan an sirka shi, murfi ɗaya na bilic ga murfi tara ko goma na ruwa. A bar shi 'yan mintoci, a ɗauraye sosai. Matsalarsa ita ce ɗinki: bilic yana cin zare, kuma kujerar da ta yi fari tas amma ɗinkinta ya fara warwarewa bayan wata shida ba a ci riba a kanta ba. Saboda haka a nisanta shi da layin ɗinki, kada kuma ya kwarara cikin soso. Kada a taɓa haɗa shi da amoniya, ko ruwan tsami, ko ruwan wanke masai, domin haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu, kuma cikin jirgi mai rufi wuri ne matsattse. Ruwan ɗaurayar ma a tare shi a bokiti a zubar a tudu. Kogin da jirgin ke bi ta kansa mutane ke sha, kifinsa ake ci.

Akwai wata hanya da masu jirage suka aro daga masu gyaran 'yartsanar roba, waɗanda su ma finil suke fama da shi: man ƙurajen fuska mai ɗauke da benzoyil feroksayid kashi 10 cikin ɗari. Ana shafa shi a kan tabon kaɗai, a rufe da siririyar leda mai nuna ciki don kada ya bushe, a bar kujerar a rana na wasu sa'o'i, a goge, a wanke, a duba. Amfaninsa shi ne yana iya ratsa man tausasawa ya tarar da rinin a ciki. Ba ya aiki dare ɗaya. Akan maimaita kwanaki a jere tabon na dushewa kaɗan-kaɗan. Na farar leda ne kawai, don yana koɗe launi, na kujera da na rigar mai aikin duka, kuma wasu masana'antu ba su amince da shi ba, mai sabon jirgi ya duba takardar garantinsa kafin ya taɓa. Rana ita kaɗai ma tana taimakawa: tabo mara zurfi yakan dushe da kansa cikin makonni idan aka bar kujerar a buɗe.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne jerin abubuwan da hannu ke saurin kaiwa gare su, waɗanda kuma su ne ke kashe kujera. Fetur da kananzir suna nan cikin jirgi, tina na wajen mai fenti, asiton na cikin ruwan goge jan farce. Dukkansu kan sa tabo ya yi kamar ya tafi nan take. Amma suna narkar da rufin sama ko su zuƙe man tausasawa, asiton ma yana taɓa robar kanta. Wurin zai fara danƙo, daga baya ya yi tauri, sannan ya tsage, ruwa ya samu ƙofar shiga soso. Soson ƙarfe da farin soson nan na melamin da ake tallarsa a matsayin mai goge komai su ma kankara suke yi. Ledar da ta rasa rufinta kuwa ta fi kama tabo na gaba.

Wani lokaci ba tufa ce ta yi laifin ba. Idan aka ga tabo ruwan hoda yana fitowa ba tare da wani jan abu ya taɓa wurin ba, galibi aikin wata ƙwayar bakteriya ce mai suna Streptoverticillium reticulum. Tana rayuwa a danshi, a cikin soso ko bayan leda, tana fitar da wani jan launi da shi ma ke narkewa a man tausasawa ya hauro sama. Wanke saman kujera ba ya tsayar da shi muddin soson na jiƙe. Sai an kwance, an shanya ko an sauya soson, an toshe inda ruwa ke shiga.

Idan duk hanyoyin cire tabo ba su yi ba, saura fenti na musamman da ake fesa wa finil, ko a kai wa mai ɗinkin kushin ya sauya ɓangaren da ya ɓaci. Fentin yana rufe tabo, amma rinin da ke ƙasa kan iya haurowa ta cikinsa, kuma yana gogewa a inda ake yawan zama. Sauya ɓangare ɗaya ya fi ɗorewa, matsalarsa kawai sabuwar leda ba ta cika dacewa da tsohuwar da rana ta dafa ba, don haka a yanko ɗan guntu daga ƙasan kujerar a tafi da shi kasuwa a gwada.

Rigakafin ba shi da tsada. Sabuwar tufa mai duhu a wanke ta kafin a hau da ita, a shimfiɗa farin tawul a kujera in ana shakka, kada a bar jiƙaƙƙen kaya ko rigar ceto su kwana a kan leda, kuma kafin a sayi tamfol na rufi a goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a cikinsa a ga ko zai zuba. A bar kujeru su bushe kafin a rufe jirgi, a bar wa iska hanya. Duk wannan ya shafi sirdin babur, kujerar A Daidaita Sahu da katifar gadon asibiti, don yawancinsu ledar finil ɗin ce aka lulluɓa musu.