Cukun Edam: Yadda Sunan Kasuwa Ya Zama Sunan Haja

Cukun Edam, wanda ake dunƙulawa kamar ƙwallo a lulluɓe shi da jan kaki, yana cikin hajojin da suka fito da sunan ƙasar Holan a kasuwannin duniya. Ana yin sa da madarar shanu da aka rage wa maiƙo, kuma ɗanɗanonsa ba shi da ƙarfi.

Cukun ya samo sunansa ne daga Edam, wani ƙaramin gari da ke arewa da birnin Amstadam. Shi kuwa garin, an kira shi haka saboda madatsar da aka gina a kan wani rafi mai suna E. Manoman ƙauyukan kewaye su ne ke yin cukun, amma a Edam ake auna shi, a yi ciniki, a loda wa jiragen ruwa. A 1526 Sarki Charles na Biyar ya bai wa garin izinin cin kasuwar mako-mako, kuma kasuwar cukun ta ci gaba da ci har 1922. Da haka masu saye a ƙetare suka san hajar da sunan tashar da ta fito. Irin wannan ne ya faru da jar fatar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka sani da sunan fatar Maroko, domin ta can take isa gare su.

Abin da ya ba cukun farin jini wajen fatake shi ne juriya. Idan ya daɗe, tauri yake ƙarawa maimakon ya lalace, saboda haka yakan jure doguwar tafiyar teku. Kakin da ake shafa masa kuma yana hana shi bushewa da yin fumfuna.

Sai dai shaharar ta zo da asara. Da yake ba a kare sunan da doka tun da wuri ba, masana'antu a Jamus da sauran ƙasashe suna yin nasu cukun, suna sayarwa da sunan Edam. A 2010 ne Tarayyar Turai ta yi rajistar sunan "Edam Holland", wanda aka keɓe wa cukun da aka yi a Holan kaɗai. Kalmar Edam ita kaɗai kuwa ta riga ta zama ta kowa, kuma masu yin cukun a Holan sai sun yi gogayya da waɗanda suka ari sunan.