Yadda dokar kare mata da yara ta iso Sakkwato daga Abuja

A shekarar 2013, lokacin da Aminu Waziri Tambuwal ke Shugaban Majalisar Wakilai, majalisar ta amince da ƙudirin haramta cin zarafin jama'a, wanda aka fi sani da VAPP. Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya masa hannu a watan Mayun 2015, kwanaki kaɗan kafin ya sauka daga mulki.

Dokar ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai fyaɗe, ta haramta kaciyar mata. Ta kuma shiga cikin gida, inda aka saba cewa a yi haƙuri: korar mace daga ɗakinta da ƙarfin tsiya laifi ne, haka ma watsar da iyali ba ci ba sha. Wadda ke fargabar duka tana iya neman kotu ta ba ta umarnin kariya tun kafin a ji mata rauni.

Sai dai ƙarfin dokar ya tsaya a Babban Birnin Tarayya, domin tsarin mulki ya bar wa jihohi yawancin dokokin laifuffuka. Matar da ke Danchadi a Ƙaramar Hukumar Bodinga ba ta da abin kamawa a cikinta sai majalisar jiharta ta yi tata.

A nan aka yi jinkiri. Tambuwal ya zama gwamnan Sakkwato a 2015, amma sai a watan Nuwamban 2021 ya sanya hannu kan dokar jihar, tare da Dokar Kare Yara. Ita wannan ta biyun ta fi daɗewa a hanya, domin tun 2003 tarayya ta yi tata, jihohin Arewa da dama kuma suka yi ɗari-ɗari saboda ta sa shekara 18 a matsayin shekarun aure. Shekara shida jira ne mai tsawo ga lauyan da ya san ƙudirin tun yana zauren majalisa.

Kafin nan, a 2020, an buɗe Cibiyar Nana Khadija a Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, inda ake duba waɗanda aka yi wa fyaɗe kyauta. Daga ƙauyukan Bodinga da Shagari, waɗanda Tambuwal ke wakilta a Majalisar Dattawa tun 2023, sai an biya kuɗin mota kafin a isa can, sau da yawa kuma dangi kan rufe maganar kafin ta kai ofishin 'yan sanda.